Daminar da Na Yi Kiwon Kwaɗi a Agege

Ranar Talatar da ta wuce an tafka ruwa a Agege tun hantsi har la'asar, irin ruwan da ke sa kwata ta haɗe da titi, mutum ya rasa inda zai sa ƙafa. Bayan magariba na fito da kujerata ƙofar gida, ina jiran abin da na saba ji in an yi irin wannan ruwa. Na ji janareto, na ji hon ɗin keke, na ji wani saurayi yana rantse-rantse a waya. Kwaɗo ko ɗaya ban ji ba. Na tambayi maƙwabcina mai gyaran fanka ko ya lura, ya ce shi bai taɓa sanin kwaɗi na kuka a Legas ba, ya kuma yi mini kallon wanda tsufa ya fara taɓawa. Ban yi masa musu ba. An haife shi bayan an cike fadamar unguwar.

A da, in ka tsallaka layin dogo ta bayan rumfunan goro, ƙasa ce mai laushi, ga ayaba, ga gwaza, ga wani kududdufi da ba ya ƙafewa sai rani ya yi nisa. In damina ta sauka, da yamma ba ka jin maganar na kusa da kai. Manyan kwaɗi suna yi da ƙasa-ƙasa kamar tsofaffi a wurin rabon gado, ƙanana suna tsinka murya a sama, jirgin ƙasa ya zo ya ratsa su duka da ƙugi, su yi tsit, ya wuce, su ɗora daga inda suka tsaya. Da safe kuma sai ƙarar ruwa a baho, mata suna wanke goro, kwandastan danfo, bas ɗin hayar Legas, yana kiran fasinjan Oshodi kamar an yi masa sata. Yanzu wurin shaguna ne hawa biyu, ana sayar da murfin waya da gashin kanti. Kwatar da ke gabansu baƙa ce wuluk da man inji da leda. Wani lokaci nakan leƙa in ga 'yan abubuwa suna motsi a ciki, amma ban taɓa ganin wanda ya yi ƙafa ya fito ba.

Na zo Legas a shekarun da soja suka tattara suka koma bariki, kowa yana cewa yanzu za a sha daɗi. Daga wani ƙauye na bakin fadama a ƙasar Haɗeja na taso, gemu ya fara tsiro, hankali bai fara ba. Bokona a aji uku ya tsaya. Ba wanda ya hana ni, makarantar ce aka gina a kan hanyar rafi, rafin kuwa ya fi malamin iya kira. Wurin ƙanin mahaifiyata na sauka, dillalin goro, mutum mai farar riga da gajeren zance. Aikin gidan Kawu ba ya ƙarewa: a zazzage goro, a tsince mai sankara, a shimfiɗa ɗanyen ganye a kwando, a jera, a yayyafa ruwa, a ɗaure. Kawu kan ce goro ya fi jariri wuyar reno, don jariri in ya ji ƙishi zai yi kuka. Ni kuwa abin da na fi ƙwarewa a kai shi ne ɗanɗanawa, sai barci a kan huhun goro in rana ta take.

Garin kuma a lokacin ba ya rasa ɗan tashin hankali tsakanin mutanenmu da 'yan gari, yau a wannan kasuwa, gobe a waccan. Kawu ya ce in abu ya tashi, saurayin da ba shi da abin yi shi ake fara samu a gaba. Wata safiya ya same ni ina hamma, ya ce, "Kai ɗan nan, babbar mota za ta ɗauki goro zuwa Kano ƙarshen watan gobe. Ko ka nuna mini sana'ar da ka kama da hannunka, ko ka hau saman kaya in mai da wa uwarka abinta." Bai ƙara ba, shi ba ya maimaita magana. Ni kuwa komawa gida ita ce abin da na fi tsoro a duniya. Ranar da zan taho na tsaya a bakin kasuwarmu na gaya wa duk mai kunne cewa ba za a sake ganina ba sai da agogo a hannu da rediyo a kafaɗa. Ban da haka, na riga na saba da burodin Agege da dafaffen wake, kuma ban ga yadda za a yi in rabu da su ba.

A gefen layin dogo akwai wata Bayarabiya da kowa ke kira Iya, tana sayar da busassun kwaɗi a soke a tsinke, baƙaƙe, sun miƙe ƙafafu kamar masu shirin tsalle. Konko suke ce musu, suna sa su a miya. Ranar da na fara gani na yi dariya har da riƙe ciki, don a garinmu da ƙafa muke ture su daga hanya. Iya tana jin Hausa irin ta kasuwa, kowane Bahaushe kuma Mola take ce masa. Ta ce, "Mola, kana dariya? Daga garinku ake kawo shi. Yanzu ruwa ya cika can, ba a kamawa, kaya ya yanke. Ka kawo mini manya kamar tafin hannuna, duka zan saya." Na koma gida ina lissafin banza. Ga kududdufi a bayan gida cike da 'ya'yan kwaɗi ba mai su. Me zai sa a jira mota daga arewa? A daren nan ban gaya wa kowa ba, don kada a riga ni arziki.

Da tsohon gidan sauro na kwashe su. A garinmu talibambam muke ce musu, kai ne da wutsiya kawai, ba wuya ba kafaɗa. Na samo rabin duro guda biyu, da wani tsohon bahon wanka na ƙarfe da aka yar a ƙarƙashin ayaba, wanda ƙato huɗu ba sa ɗaga shi. Na cika su da ruwan kududdufi, na zuba dabbobina, in ya ragu in ƙara da ruwan da Kawu ke yayyafa wa goro. Ina ba su dusa, da ɓawon burodi, da kan kifin da nake roƙo wurin masu suya. Nan na gane ba su da zumunci: in abinci ya yi ƙasa, babba sai ya juya ya kama ƙaninsa ta wutsiya. Suka yi ta ƙiba, suka yi sumul, amma ƙafa ko alama. Kullum da safe sai in kama ɗaya in juya shi a tafin hannu ina duba bayansa kamar mai neman kuɗin da ya faɗi. Wata ya mutu, wani ya kama, direban babbar mota ya fara zuwa shan shayi a rumfar Kawu.

Sai ruwa ya ɗauke, irin ɗaukewar da yakan yi a tsakiyar daminar Legas. A gefen kududdufin akwai wani rami da tayar tirela ta haƙa, ruwansa bai kai idon sawu ba, yana janyewa kullum. Na leƙa sai na ga 'yan cikinsa duk sun fito da ƙafafun baya, alhali nawa da ke cikin ruwa har wuya suna ta iyo kamar 'ya'yan masu kuɗi. Nan take na tuna albasa. A fadamarmu in an kusa cire albasa, yanke mata ruwa ake yi don ta ƙosa ta yi ƙwari. Na ce ashe kwaɗo ma albasa ne.

A ɗakin da ke jikin namu akwai wata ma'aikaciyar jinya 'yar kudancin Kaduna, muna ce mata Sista. Ran Asabar tana wankin fararen kayanta a bayan gida, ta ga ina kwashe ruwan duro da kwano ina zubarwa.

"Malam Kwaɗo, yau kuma wanka za ka yi musu?"

Na gaya mata abin da na gani a ramin taya, na kawo mata zancen albasa, ina jiran ta yi dariya. Ba ta yi ba. Ta yarfe kumfa daga hannunta ta zo ta leƙa.

"Ka san maƙoƙo?"

"Gwaggona tana da shi. Kamar ta haɗiye ƙoƙo."

"To abin nan da ke kumbura, kowa yana da shi a wuya, ni da kai, har wannan abin naka. Shi ke sakin wani sinadari cikin jini, kamar ɗan aike. In ya je wurin ƙafa ya ce fito. In ya je wurin wutsiya ya ce narke. In babu shi, haka zai zauna da wutsiya har ya mutu."

"To ina ruwansa da ƙafewar ruwa?"

"Wahala. In ruwa yana raguwa, zafi ya ƙaru, suka matse juna, jikinsu yana sakin wani sinadarin dabam, na matsi. Shi wannan sai ya je ya tsaya a kan ɗan aiken yana cewa yi sauri, gidan nan zai bushe."

Na ce, "Sista, Allah ya ƙara ilimi," na ɗauki kwanona.

"Tsaya mana. Wanda aka kora da wuri, ƙarami yake fita, bai gama ci ba. Kuma ko da..."

Kunnena yana da wata ɗabi'a tun ina yaro: in ya ji abin da yake so, sai ya rufe shago. Na bar ta tana magana da bayana.

Na haɗe duro biyu a ɗaya don su matsu da kyau. Na jawo shi tsakiyar rana. Kowace safiya in rage ruwa, har ya zama bayansu yana taɓa iska in sun juya. Bahon ƙarfen nan ne kawai ya gagare ni, ba ya jawuwa, ramin zurarar ruwansa kuma an toshe da siminti, sai na ƙyale 'yan cikinsa a inuwa na ce su suka sani.

Abin ya yi aiki, wannan kam ba zan rage wa kaina ba. Ƙafafun baya suka tsiro kamar zare, suka yi gwiwa, suka yi yatsu. Sai wata safiya ka ga hannu ɗaya ya ɓullo ta gefen wuya, anjima ɗayan ya biyo. Ɗan bakin nan mai tsotso ya wage har kunne, idanu suka hau saman kai. Suka daina cin abinci ɗungurungum, na tsorata, Sista ta ce in bar su, wutsiyar ce guzurinsu, ita jiki ke ci har ta ƙare. Na zauna a gaban duro ina kallon wutsiya tana guntulewa, ban taɓa zama wuri ɗaya haka ba ko a gaban malami. Tafiyata ma ta canja. A teburin mai shayi na fara cewa "garkena". Wani ɗan dako daga kasuwar Mile 12 ya tambaye ni ko shanu ne, na ce a'a, amma su ma ƙafa huɗu ne.

Da suka gama suka hau gefen duro, sai na ga abin da na ƙera. Kowanne bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Ƙafafu kamar tsinken sakace, ciki a shafe, in ya yi tsalle ɗaya sai ya zauna yana haki. Waɗansu a bakin duron suka bushe, tururuwa ta yi musu jana'iza. Ƙadangarun unguwa suka ji labari, agwagin matar mai gida suka zo da iyalansu. Abin da ya tsira na kwashe a bokiti na rufe da gidan sauro. Na zuba musu dusa suka kalle ni. Ashe in kwaɗo ya yi ƙafa ba ya cin abin da ba ya motsi. Haka na koma farautar ƙuda a bayan mahauta, ƙato da ni, ina tafi a iska, yara suna tsammanin waƙa nake. 'Yan cikin baho kuwa suna nan a inuwa da wutsiyarsu, kowanne ya kai babban yatsana, ƙafa ta fara leƙowa a hankali, ba abin da ya dame su da motar Kano.

Ni ban yi karatun da zan ce haka abin yake ga mutane ba. Amma yanzu in na ga yaran da tirela ke saukewa a bakin kasuwa, wuya kamar mariƙin ludayi, ba su kai shekarun da na zo da su ba, gobe ka gan su a kan okada, wato acaɓa, suna ratsa manyan motoci, nakan tsaya in dube su. A zamaninmu sai mutum ya ƙoshi da tuwon gidansu kafin ya ce zai tafi Ikko, kamar yadda muke kiran Legas. Na tambayi ɗaya me ya fito da shi da wuri haka, ya ce rafin garinsu yashi ne yanzu. Na saya masa shayi.

Ranar lodi ta zo, ruwa ma ya dawo, ana yayyafi. Da sassafe Sista za ta tafi aiki ta leƙa bokitina ta girgiza kai.

"Ko na bahon nan in sun fito, sai sun yi watanni suna cin ƙwari kafin su kai abin da Iya take so."

"Haba Sista! Me ya hana ki gaya mini tun farko?"

"Ka tsaya ka ji?"

Duk da haka na ɗauki bokitin, don ba ni da wani abin nunawa. Na roƙi Kawu ya taka zuwa teburin Iya ya ga sana'ata. Ya zo da lema, yana tattare bakin riga. Na yaye gidan sauron. Iya ta sunkuya, ta daɗe tana dubawa, ta kira maƙwabciyarta mai barkono da Yarabanci, ita ma ta zo ta duba. Sai Iya ta zauna a ƙasa, ɗankwalinta ya zame, tana dariya tana dukan cinya.

"Mola! Da me zan soke su? Da allura? In na busar da wannan, iska za ta kwashe!"

Ɗaya daga cikin kwaɗin ya yi ƙarfin hali ya yi tsalle ya faɗa kan takalmin Kawu. Kawu ya dube shi, ya dube ni.

"Wata biyu kana satar mini ruwan goro saboda wannan?"

"Kawu, akwai na baho, su manya ne, sai dai ba su..."

"Su ma su zo su hau motar. Je ka ɗauko jakarka."

Na juye bokitin a bakin kududdufi, na kwashe 'yan baho da kwano na mayar da su inda na samo su. Ba wanda ya waiwayo a cikinsu. Na hau saman huhun goro na zauna kusa da yaron mota, ba agogo, ba rediyo, sai burodi ɗaya da Sista ta miƙo mini a leda. Direba ya ta da mota ke nan sai ga Iya tana ratso taɓo da gudu, ta cillo mini wani abu a dunƙule. Buhu ne, wanda ba komai a ciki, yana warin hayaƙi.

"Tunda garinku za ka, in ruwa ya janye ka cika mini! Manya, ka ji? Waɗanda ba wanda ya kora!"

A gida na sha abin da na sha. Har waƙa 'yan matan rafi suka yi mini, ta mai agogon da ba a gani. Na kama noma. Da kaka ta wuce, ruwan fadama ya koma cikin tafkuna, na bi mutanen ƙauyen gaba da namu waɗanda kamun kwaɗi sana'arsu ce tun kakanni, waɗanda da nake yi wa dariya. Suka koya mini kamu, da fasa ciki, da shanya, da hayaƙi. Kwaɗin tafki ne da suka yi shekara suna cin abinsu, kowanne ya cika hannu. Na cika buhun Iya na ƙara da wani, na hau tirelar albasa har Mile 12. Daga nan zuwa Agege danfo biyu suka sauke ni saboda wari, na uku ya ce sai dai in rataye a ƙofa.

Iya ta kwance bakin buhu, ta ɗaga ɗaya ta auna da tafin hannunta, ta ce in koma in ƙaro. Daga nan na wuce rumfar Kawu, don ba ni da wani wurin zuwa. Yana zaune yana tsintar goro, bai ɗago ba. Na yi sallama, ya amsa wa goron. Na tsaya a rana da buhu a kafaɗa, har na fara tunanin inda zan kwana.

"Wa ya ce ka dawo?"

"Sana'a ce ta kawo ni, Kawu."

Ya shaƙi iska, ya yamutsa fuska, ya jawo ɗanyen ganye ya rufe kwandonsa. Sannan ya sa ƙafa ya tura wani benci can ƙarshen rumfa, ta inda iska ba za ta kai wa goronsa wari ba.

"Can za ka riƙa zama. Kuma ka wanke hannu kafin ka gaishe ni."

Na ajiye buhun na zauna.